Abin da ke Ƙirjin Zulkifli

“Bam ne! Wallahi bam ne ga ƙirjinai!”

Ihun ya tsallako katangar masallaci ya faɗo tsakar gidan Malam Dikko daidai lokacin da Munira ke tsame dubulan daga cikin mai. Matsamin ya suɓuce mata, mai ya fallatsu a bayan hannunta, amma ko zafinsa ba ta ji ba.

Matan da suka taru aikin sa ranarta suka watse kowa ta kama gabanta. Wata ta yi bayan rumbu, wata ta goya ɗan da ba nata ba, Gwaggo Asiya kuwa, ƙanwar Malam da ta riƙe Munira tun rasuwar mahaifiyarta, ta tsaya tana salati da ludayi a hannu.

Munira kaɗai ce ba ta gudu ba. Ita kaɗai ta san ba bam ba ne. Ta kuma san ƙirjin wa ake nufi.

Da gudu ta faɗa ɗaki ta zazzage jakarta a kan gado. Ga shi nan, ɗan kati mai hoton zuciya da hatimin asibiti, wanda ke shaida cewa Zulkifli, saurayin da za a sa musu rana, na ɗauke da na'ura a jikinsa. Likita ya ce ko banɗaki zai shiga kada ya rabu da shi. Ita ce ta fizge shi daga hannunsa ranar Talata da ya zo zance.

Wata takwas ke nan da zuciyar Zulkifli ta gaza. Ƙafafunsa suka kumbura, ruwa ya taru masa a huhu, taku goma sai ya zauna yana haki kamar tsoho. A Sakkwato aka tsaga shi ƙasa da kafaɗar hagu aka dasa masa wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, da siririyar waya da ta bi jijiya har cikin zuciya. Ita ke daidaita bugun, in kuma zuciyar ta rikice ta fizge ta da lantarki ta dawo da ita hanya.

A gidan nan kuwa, taifot Munira ta ce yana yi.

Shekara biyu ta yi tana kuka kafin Malam, mahaifinta kuma limamin unguwarsu ta Nasarawa a Birnin Kebbi, ya yarda ya saurari ɗan masunta daga Argungu. Ta yaya za ta ƙara masa wani dalilin? Shi ya sa ranar Talatar, da Zulkifli ya ce zai nuna wa Malam katin ya faɗa masa komai kafin a tsayar da rana, ta ƙwace ta cusa cikin hijabi.

“Bari a sa ranar tukuna,” ta ce da shi tana hawaye. “Don Allah, Zul. Kwana ukku kawai.”

Yau ne kwana ukun.

*

Sai da hayaniya ta lafa aka shigo da shi zauren Malam, kawunnansa biyu na tallafe da shi. Munira ta laɓe bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta sa ido a tsagar katako.

Saura kaɗan ta ƙwala ihu.

Farar shaddar da suka zaɓa tare ta yage tun daga wuya har ciki. Ba hula, ba takalmi ɗaya. Leɓensa ya fashe. Ga tabon ɗinkin nan a fili, da ɗan tudun na'urar ƙarƙashin fata, kowa na leƙe kamar an kawo abin kallo.

Abbas na tsaye riƙe da sandar bincike da ake shafa wa mutane a ƙofar masallaci. Babban ɗalibin Malam ne, shi ke shugabantar masu tsaron ƙofa ran Juma'a, kuma duk unguwar ta san sau biyu yana aika manya neman Munira ana ba shi haƙuri.

“Allah gafarta Malam, ni aikina niy yi,” in ji Abbas. “Na shafa mai sanda tay yi ƙara. Na ce hiddo abin da ke aljihu, yac ce babu komi. Na taɓa, sai nij ji ƙarhe cikin nama. Na ce ina shaida, yac ce ya baro ta gida. Muna riƙe da shi sai mutum yaz zabura kamar an jona mai wuta, yah hwaɗi. To mi kake so jama'a su ɗauka?”

“Murɗe mai hannu kunka yi!” babban kawun ya daka masa tsawa. “Hannun da likita yac ce a bi shi a hankali! Tsoro yas sa zuciyar ta rikice, na'urar tab buge shi. Da kun kashe muna ɗa!”

Malam Dikko ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit. Ya cire alkyabbarsa da kansa ya rufa wa Zulkifli a ƙirji, sannan ya zauna gabansa.

“Sannu, ɗana. Allah shi ba ka lahiya. Abin da anka yi maka ba daidai ba ne, kuma ni zan bi maka kadinsa.” Ya nuna tudun da ke ƙarƙashin alkyabbar. “Tun yaushe abin ga ke jikinka?”

“Wata takwas, Baba.”

“Wata takwas. Cikin wata takwas ɗin ga sau nawa kad durƙusa nan kag gaishe ni?”

Zulkifli ya sunkuyar da kai.

“Munira ta sani?”

Bayan ƙyaure, Munira ta damƙe katin har gefensa ya shige mata tafin hannu. Taku ɗaya ne tsakaninta da zauren. Ta tura ƙyaure, ta ce ni ce, ga katin, shi ke nan. Ta ɗaga ƙafa. Sai ta hango rawunan abokan Malam jere a bango, da idon Abbas, da mutanen da suka cika ƙofa. Ƙafar ta koma inda take.

“Ba ta sani ba,” in ji Zulkifli, muryarsa a dushe. “Taifot nic ce mata. Laihina ne ni kaɗai.”

Malam ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya juya ga kawunnan.

“Ku kai shi asibiti a duba shi. Goronku da alawarku kuma ku koma da su tukuna. Yau ba ranar sa rana ba ce.”

Munira ta zame jikin bango har ƙasa, ta cusa gefen hijabi a baki don kada a ji kukanta.

*

Washegari da hantsi ta sami Malam a turakarsa, littafi buɗe a gabansa amma ba karantawa yake ba. Ta durƙusa, ta ajiye katin a bakin buzunsa.

“Mi ne ne wanga?”

“Shaidar da anka tambaye shi jiya, Baba. Tana wurina. Ni nik karɓe ta.”

Ta faɗa masa komai, tun daga daren da aka kwashi Zulkifli ranga-ranga zuwa Sakkwato har zuwa ranar Talata. Tana magana tana shessheƙa, kalma na sarƙe kalma. Malam bai katse ta ba. Da ta gama, ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin rawani.

“Uwata,” ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana ƙarama, don sunan mahaifiyarsa ta ci. “Ke a ganinki ni mutum ne da za ya ƙi bawan Allah don Allah ya jarrabe shi da ciwo?”

“A'a, Baba.”

“A'a, haka kig gan ni. Da ba haka kig gan ni ba da ba ki ɓoye ba. Shekara talatin ina gaya wa mutane aibin da ke jikin mai neman aure a bayyana shi kahin ɗauri, kowa shi shiga da idonai buɗe. Ashe cikin ɗakina aka yi mani rufa-rufa.”

“Ni ce, Baba, ba shi ba! Shi ya so shi hwaɗa maka, ni nih hana!”

“Na ji. To amma jiya da nit tambaye shi, gaban jama'a, dab da ɗakin Allah, mi yac ce mani?”

Munira ta sauke idonta kan katin.

“Ya dubi tsabar idona yac ce ba ki sani ba. Wata takwas ya yi mani shiru, jiya ya ƙara da ƙarya.”

“Don shi rufa mani asiri ne!”

“Na sani. Shi yas sa abin ya hi yi mani ciwo. Yaron kirki ne. Amma namijin da mace za ta ce mai ɓoye gaskiya shi ɓoye, ta ce ba ni shaidar ranka shi miƙa mata, wanga bai iya riƙe ki ba, Uwata. Ke ma ba ki iya riƙe shi ba. Jiya saura ƙiris son da kike mai shi kashe shi.”

Maganar ta shige ta kamar an soka mata tsinke. Ta kifa kai a kan buzun tana kuka.

“Kada ka raba mu, Baba. Ka yi mani kowane horo, amma kada ka raba mu.”

“Ban ce na raba ba, ban ce na ba shi ba. Abbas ma ya turo a ba ni haƙuri, na ce kada in sake ganin ƙahwatai zaurena sai ya tahi Argungu ya roƙi gahwara.” Ya tura mata katin da yatsa. “Wanga kuwa haƙƙin mai shi ne. Gobe Asiya ta raka ki ki kai mai da hannunki. Ki duba shi, ki ba uwatai haƙuri, ku dawo kahin la'asar. Daga nan kuma ba waya, ba aike, sai na neme ki.”

*

Tun daga tashar Birnin Kebbi har suka wuce Ambursa Gwaggo Asiya ba ta daina faɗa ba.

“Ke dai kin cika ɗiyar banza. Ni da nig goye ki, ni ma taifot? Har kunun tsamiya nid dama nib ba ki ki aika mai, wai shi buɗe mai baki! Da kin gaya mani ai da ni da kaina na san ta inda zan ɓullo wa Yaya.”

“Ki yi haƙuri, Gwaggo.”

“Haƙuri na ga Allah. Share hancinki, kada ki shiga gidan surukai da majina.”

Munira ta jingina kai da gilashi tana kallon fadamar shinkafa na wucewa kore shar, masu ban ruwa sun duƙa kan injinansu. Ko injin nan an hana Zulkifli matsawa kusa da shi. An hana shi sa waya a aljihun gaba. An hana shi shiga ruwa da homa kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Duk ya haƙura ya bi doka, ƙwaya bakwai kullum, abinci ba gishiri, tafiyar ƙasa kaɗan-kaɗan har ya kai ga zagaya unguwa ba haki. Doka ɗaya ya karya, kuma don ita ya karya.

Gidansu na can Argungu, kusa da bakin kogin Matan Fada, ƙamshin bandar kifi ne ya fara tarbarsu tun daga lungu. Mahaifiyarsa, Inna Baiwa, na zaune bakin murhun banda tana juya tarwaɗa. Matar da ko yaushe ke tarbar Munira da “ga amaryata, ga ta gaban goshi,” yau kallo ɗaya ta yi mata ta mayar da kai.

Ta amsa gaisuwar Gwaggo Asiya cikin mutunci, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Munira ta durƙusa.

“Inna, ina kwana. Ya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

“Inna, don Allah ki...”

“Shina ɗaki,” ta katse ta. “Kada ki daɗe, an ce shi huta.”

Yana kishingiɗe a kan katifa, an tara masa matasai, hannun hagu a ɗaure jikin ƙirji da ƙyalle. Ya rame cikin kwana biyu. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin murmushi, fasasshen leɓen ya hana.

Ta zube bakin ƙofa ta miƙa masa katin da hannu biyu. Ya karɓa ya ajiye gefen matashi ko dubawa bai yi ba.

“Mi likita yac ce?”

“Sun ce wayar ta ɗan goce da anka murɗe hannun. Ko ta zauna da kanta, ko a sake buɗewa. Sai masu aikin sun gani.”

“A sake tsaga ka?” Ta dafe ƙirji. “Innalillahi. Ni nij jawo maka. Zul, ina bayan ƙyaure hwa. Ina ji Baba na tambayarka, katin na hannuna, nik kasa hitowa.”

“Na sani. Na ga ƙahwarki ta ƙasan ƙyaure. Lallen sa rana.”

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

“To don mi ba ka kira ni ba? Don mi ba ka ce ga ta nan, ku tambaye ta?”

“In tona ki gaban Abbas? Haba, Munira.”

“Na gaya wa Baba gaskiya jiya. Duka. Bai ce ya hana ba, wallahi bai ce ba. Hushi ne kawai, za ya huce. In mun yi haƙuri...”

“Munira.” Yadda ya kira sunan ya katse ta. “Kin san abin da nit tuna lokacin da nike kwance ƙasa ana ihu a kaina? Ba mutuwa ba. Na riga na gan ta Sakkwato, ba ta ba ni tsoro kamar da. Tunawa niy yi, wata takwas ina koyon zama da abin ga. Da hwarko ko madubi ba ni dubawa. Sannu-sannu har nis saba, har nike sa hannu in taɓa shi in ce alhamdulillahi, kai ne sanadin da Allah yab bar ni. Amma duk ranar da niz zo wurinki sai kin dubi rigata kin ce in ja maɓalli, kada a ga tudun.”

“Tsoro nike kada a raba mu!”

“Na yarda. Amma ni abin da nike ji, kunyata kike.”

“Wallahi a'a! Wallahi tallahi...”

“Sau nawa kit taɓa tambayata ko shina yi mani ciwo in na kwanta ta hagu? Kullum tambayarki, wa yas sani, wa yag gani.”

Ta laluba cikin wata takwas ɗin nan kaf tana neman rana ɗaya da za ta kafa masa hujja da ita. Ba ta samu ba.

“Ba ni da wata zuciyar ajiye, Munira. Wagga ɗin ce, da batir da waya, kuma sun ce bayan 'yan shekaru sai an sake buɗewa an canza. Haka za a yi ta yi har iyakar kwanana. Ba abin da za a ɓoye kwana ukku ba ne.” Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. “Ina son ki, Allah shina gani. Amma in Malam ya ce a'a, kada ki sake yin shekara biyu kina kuka sabodana. Ni na gaji da zama abin da ake roƙo a karɓa.”

“Sakina kake tun ba a ɗaura ba?”

“Hutar da ke nike.”

“Ban son hutun! Ka ba ni dama guda, guda tak. In koyi sunan kowace ƙwaya, in koyi girki ba gishiri, in tsaya tsakiyar Nasarawa in ce mijina na da na'ura ga ƙirji kuma ni nis so shi haka nan. Zul, dube ni mana. Don girman Allah dube ni.”

Ya juyo a hankali. Idanunsa sun yi ja. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai ga ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka rufe murfi da ƙarfi. Wata murya ta yi sallama, muryar mace, a sake, irin ta wanda ya san gidan.

Abin da ya fara ba Munira mamaki shi ne muryar Inna Baiwa. Matar da tun zuwansu ba ta sakar mata fuska ba, ga ta tana tafi tana dariya har da rawar murya.

“Lale, lale da ɗiyata! Ni'imatullahi, ashe za ki taso? Tun daga Sakkwato cikin ranar ga? Allah shi yi maki albarka, Allah shi ba ki abin da kike so!”

“Haba Inna, ki kira ni kina kuka in zauna? Canjin aiki nir roƙa. Ina majinyacin nawa mai taurin kai?”

Labule ya ɗaga. Doguwa ce, baƙa mai haske, farar rigar ma'aikatan jinya na leƙowa ta ƙasan hijabinta, jaka a kafaɗa. Ba ta tsaya neman izini ba. Ta tsallake ƙafar Munira, ta durƙusa gefen katifar, ta janye ƙyallen ta ɗora yatsu biyu daidai kan tudun nan, ba ƙyama, ba ɗar, kamar mai taɓa abin da ta daɗe da sani.

“Nan ke ciwo? Ko sai ka juya ta hagu, irin na da?”

“Sai na juya,” in ji Zulkifli a hankali.

“Na sani ai. Tashi za ka yi, da kai zan koma yau. Na gaya wa likita, an ajiye maka gadonka na bakin taga.”

Sai a lokacin ta waiwayo ta dubi Munira, tun daga jiƙaƙƙen hijabinta har zuwa lallen ƙafarta. Ta ɗan karkata kai wajen Inna Baiwa da ke tsaye bakin ƙofa.

“Inna, wagga hwa? Ban gane ta ba. Duk kwana arba'in da munka yi asibiti ban taɓa ganinta ba.”

Munira ta dubi Zulkifli tana jiran ya faɗa. Ya runtse ido.

Inna Baiwa ta gyara ɗaurin zanenta.

“Baƙuwa ce daga Birnin Kebbi,” ta ce. “Dubiya taz zo. Yanzu za ta tahi.”